Burtali hanya ce, ba filin kiwo ba ne

Tun da aka fara yankan gero, da wuya ka kunna rediyo a Tahoua ba ka ji an ambaci burtali ba. Wani jami'i ya ce an bai wa Fulani burtalinsu. Wani ya ce dabbobi su tsaya su yi kiwo cikin burtali har a saki gonaki. Duka biyun kuskure ne, amma na biyun ya fi damuna, don ana rasa rayuka a kansa.

Kalmar daga Fulatanci muka aro ta, burtol, wato turbar da shanu ke bi. Ta daɗe a bakin Hausawa da ma'anar hanya tsakanin gonaki, mai shingen aguwa dama da hagu, wadda garken gari ke bi ya fita da safe ya komo da marece. Tumakin matan gari ma ta nan suke wucewa, saboda haka ba na wata ƙabila ba ne. Kundin dokokin karkara na Nijar na 1993, wanda aka fi sani da Code Rural, ya sa burtali cikin dukiyar ƙasa ko ta ƙananan hukumomi, makiyaya kuma su mora tare. Ba kyauta ba ce da maigari zai bayar bana ya karɓe baɗi.

Bari mu bi garke guda daga Abalak. Da damina yana can arewa, bayan layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma. Tafkuna na fara ƙafewa sai garso, wato jagoran makiyayan, ya juyo da shi kudu, wajen Madawa ko Ƙonni. Wannan garke yana bukatar hanyar bi, da mashaya, da zangon kwana, da filin da zai ci ciyawa. Burtali hanyar bin ce kawai. Ƙasa ce da kofato ya dandaƙe shekara da shekaru, ko tunkiya ba ta ƙoshi a cikinta, balle shanu ɗari. Ga shi duk damina garma na gutsurarsa ta wannan gefe da wancan, har a wasu wurare shanu uku ba su jerawa. A haka za su wuni suna tafiya, su iso tafkin da kakannin garken suka saba sha, su tarar garakan albasa sun kewaye shi ba kafa. Ban ga laifin mai garka ba, albasar Galmi ce ke riƙe da gidaje da yawa a jihar nan, shi ma abincin ƴaƴansa yake nema. Filin da ake kwana a da kuma ya zama gona, wataƙila ma da takardar sayarwa. Rana ta faɗi, shanu na kukan ƙishirwa, ga dammunan gero a gona ba a kwashe ba, mai riƙe da sanda yaro ne da bai wuce shekara goma sha biyar ba. To ina za shi da su? Wanda ya ce masa ya tsaya cikin burtali ya ce masa ne ya kwana tsakiyar hanya da dabbobi masu yunwa, hatsin mutane na kewaye da shi.

Mutanen Tahoua sun san inda irin wannan dare ke kaiwa. A Bangi, cikin Nuwamban 2016, ɓarnar gona ce ta rikiɗe ta ci mutum 18, da mata da yara a ciki.

Na yarda kwamitocin kula da filaye, su COFO, sun yi aiki. Duwatsun simintin nan masu fenti ja da fari da ake kafawa gefen hanyar shanu sun kashe gardama mai yawa. Sai dai burtali yana da sauƙin ƙirgawa, a ce an shata kilomita kaza, a ɗauki hoto. Ƙwato mashaya daga hannun mai garka, ko filin kiwo daga hannun mai kuɗi, shi ne aikin da ke jawo baƙin jini. Idan aka kira komai burtali, sai a yi mai sauƙin a ce an gama. Dokar kiwo ta 2010 kuwa ta ce yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma ban ga yadda haƙƙin zai tabbata a kan hanyar da babu ruwa a ƙarshenta ba.

Ruɗanin har zaman sulhu yake shiga. Ƙa'ida ita ce a fara kai ƙarar ɓarna gaban maigari ko sarki, a rubuta abin da aka cimma, sai in ya gagara a je wurin alƙali. Tambayar da ake yi a zauren ita ce ko shanu sun fita daga burtali. Sun fita, a auna ɓarna, makiyayi ya biya, kuma daidai ne a biya manomi guminsa. Wanda ya nome zangon da wanda ya toshe mashayar ba a kiransu zauren, don ba gonarsu aka shiga ba. Garken da ke biye yana nan tafe a kan hanyar, kwana biyu tsakani.