Satar alama a besbol ba maguɗi ba ce, kyamara ce matsalar

Tun badaƙalar satar alama ta Houston Astros, wani kulob ɗin besbol na Amurka, mutane da yawa suka ɗauka wai duk wanda ya leƙi alamar abokan karawa a besbol ya yi maguɗi. Sam ba haka ba ne fa.

Mai cafe ƙwallo yana tsugune bayan mai bugu, sai ya zura yatsu tsakanin cinyoyinsa yana gaya wa mai jifa irin jifar da zai yi, yatsa ɗaya mai gudu, biyu mai lanƙwasa. To ɗan wasan ɓangaren mai bugu da ya kai bes na biyu, wato matsayar da ke bayan mai jifa, yana hango yatsun nan tar, in ya gane sai ya ɗan taɓa hula ko ya dafa gwiwa, shi ke nan mai bugu ya san abin da ke tafe. Doka ba ta hana wannan ba ko kaɗan, in an karanta ka da ido sakacinka ne, sai dai ka sauya alama.

Abin da Astros suka yi a 2017 daban ne, kyamara suka yi amfani da ita can ƙarshen fili daura da mai cafe ƙwallo tana haska yatsun a talabijin, wani yana kallo yana dukan kwandon shara, in an ji gwaram to jifa marar gudu sosai ce ke zuwa. Ni dai kwandon nan har yau dariya yake ba ni. A Janairun 2020 MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, ta ci su tarar dala miliyan 5, ta dakatar da kocinsu A.J. Hinch, kulob ɗin ya kore shi a ranar.

Daga 2022 ma, maimakon alamar yatsu, wata na'ura mai suna PitchCom ake latsawa, saƙon ya shiga kunnen mai jifa kai tsaye.