Amsoshin tambayoyin da kuka dame ni da su a kan zaman Amurka

Shekara 14 ke nan ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, kuma tun ranar da na sauka wayata ba ta huta ba. Daga 'yan'uwa sai abokan 'yan'uwa, sai wanda na taɓa gaisawa da shi sau ɗaya a wurin ɗaurin aure. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. To ga amsoshin a wuri guda. Duk wanda ya sake turo mini ɗaya daga ciki, wannan rubutun zan mayar masa, ko "ina wuni" ba zan ƙara ba.

Da gaske akwai masallatai a can?

Akwai. Ƙidayar da aka yi a 2020 ta samu 2,769. Daga ɗakina akwai uku da nake iya zuwa da ƙafa, a ɗaya daga cikinsu ma da Hausar zango ake hira bayan sallar Juma'a.

Ana jin kiran salla?

Yawanci a cikin masallaci yake tsayawa. Garin Hamtramck da ke jihar Michigan ya yarda da kira a lasifika tun 2004, Minneapolis ta yarda da na duk salloli biyar a 2023. Mu nan waya ce ladaninmu. Juma'a ranar aiki ce, sai ka nemi izini wurin ubangidanka, kuma dokar 1964 mai hana nuna bambanci a wurin aiki tana bayanka muddin fitar taka ba za ta jawo wa aikin babbar asara ba. Makarantun gwamnati na birnin New York suna ba da hutun ƙaramar salla da babba. Ba wanda zai hana ka salla, Malam. Wanda ya bar salla a nan, gudun dala ne ya raba shi da ita.

Wace jam'iyya ce ke son Musulmi?

Mai neman ƙuri'arsu a wannan shekarar. A 2000 Musulmi da yawa Bush suka bi, daga baya suka koma Dimokurat, a 2024 kuma Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn, garin da Larabawa suka yi yawa, saboda fushin Gaza. Ku daina tambayata kamar jam'iyya surukata ce.

Yaya mutum zai fi yawan ƙuri'a kuma ya faɗi zaɓe?

Domin a zaɓen shugaban ƙasa jihohi ake ci. Kowace jiha tana da adadin wakilanta, California 54, Wyoming 3, duka su 538 ne, wanda ya haɗa 270 ya yi nasara. Ka ci jiha ko da ƙuri'a ɗari ne, ka kwashe wakilanta kaf, in ban da Maine da Nebraska da suke rabawa. Haka Hillary Clinton ta zarce Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku a 2016 ta koma gida, haka aka yi wa Al Gore a 2000. Ba maguɗi ba ne, haka tsarin yake a rubuce. Ko tsarin ya dace, su ma har yau suna musu a kai.

Ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, zan iya jefa ƙuri'a?

Kul! Kada ka kuskura. Zaɓen tarayya na 'yan ƙasa ne kaɗai, wanda ba ɗan ƙasa ba in ya jefa, laifi ne da ke iya kai shi ga kora. Inda mutanenmu suke faɗawa shi ne ofishin lasin tuƙi: ana cikin cike takardu sai a tambaye ka ko za ka yi rajistar zaɓe, kai kuma ka saba cewa "to" ga duk abin da ma'aikaci ya faɗa, ka sa hannu a inda aka rubuta cewa kai ɗan ƙasa ne. Bayan shekaru ka je neman zama ɗan ƙasa, a fito maka da takardar. Karanta abu kafin ka sa hannu. In Turancin ya gagare ka, nemi tafinta, ba abin kunya ba ne.

Wani ya ce zai saka ni a cacar biza in na ba shi kuɗi. Ni ɗan Kano ne.

Ɓarawo ne. An cire 'yan Najeriya daga wannan shirin tun 2013, saboda waɗanda suka shigo ta wasu hanyoyin sun yi yawa.

Mata biyu gare ni. Zan iya kawo su duka? In ba zai yiwu ba, zan iya kawo ɗaya in bar ɗaya a gida?

Wannan ita ce tambayar da ake yi mini ƙasa-ƙasa, bayan an gama doguwar gaisuwa, kuma ita kaɗai ce ba zan amsa a gurguje ba. Ni direba ne, ba lauya ba, abin da zan faɗa ka ɗauke shi guzurin zuwa wurin lauyan shige da fice. Amma ka saurara, Alhaji.

Kashin farko mai sauƙi ne: a'a. Babu jiha ko ɗaya cikin 50 da za ta ba ka takardar aure ta biyu alhali ta farko tana nan. Kuma kada ka ce ai sun ce akwai 'yancin addini. Mabiya ɗariƙar Mormon, Turawa ne Kiristoci 'yan ƙasa, sun riga ka kai wannan ƙara. A 1879 Kotun Ƙoli ta yanke wa wani George Reynolds hukunci cewa abin da ka yi imani da shi a zuciya naka ne, amma aikatawa doka ce ke da iko da ita. Cocin nasu ya sanar da barin auren mata da yawa a 1890, sannan Utah, yankin da suka fi yawa, ta samu zama jiha a 1896. Na san wani zai turo mini labarin cewa Utah ta sassauta a 2020. Ta sassauta hukuncin ne kawai, ta mayar da shi ƙaramin laifi irin na karya dokar hanya idan manya ne suka yarda da juna. Ba ta fara ba da takardar aure biyu ba, kuma ba jiha ke ba da biza ba. Dokar shige da fice ta tarayya ce, ita kuwa tun 1891 take hana masu mata da yawa shiga, har yau kuma tana cewa wanda ya zo zama da niyyar zaman aure da mata fiye da ɗaya ba shi da shiga.

Kashi na biyu ne mai sarƙaƙiya. A idon hukumar shige da fice, uwargida ce matarka, wadda aka fara ɗaura muku aure. Amarya ba mata ba ce a takarda, ko da alƙali ne ya ɗaura, ko da auren halal ne a dokar ƙasarku. Saboda haka in za ka nemi wa wata izinin zama, uwargida ce ke da hanya. Wanda yake son amaryar ce ta zo, sai an rabu da uwargida rabuwa ta gaskiya mai takardar kotu, kuma lauyoyi kan ce a sake ɗaura auren amaryar bayan sakin, tunda na farko an ɗaura shi ne a lokacin da ba sa ƙirga shi. Wasu suna yin saki na takarda kawai, aure yana nan a ɓoye. Ni ba zan ba ka wannan shawarar ba. Na farko, ka tambayi malaminka hukuncin wasa da kalmar saki. Na biyu, ƙarya ce ga hukuma a ƙarƙashin rantsuwa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne: takardun suna neman sunayen duk 'ya'yanka da ranar haihuwar kowa, ma'aikacin kuma ya iya lissafi. Ka ce ka saki mace a 2018, ga jaririnta na 2021 ɗauke da sunanka.

To wanda ya bar ɗaya a gida bai sake ta ba, ya zo da ɗaya fa? Nan ne ba wanda zai ba ka amsa mai tsabta, ya danganta da ma'aikacin da ka faɗa hannunsa da abin da ka rubuta tun farko. Akwai masu zama haka shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su. Sai dai ranar neman zama ɗan ƙasa tana zuwa, takardar kuma tana tambaya ɓaro-ɓaro ko ka taɓa auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda. Ana duba halinka na shekara biyar da suka wuce, zama da mata biyu a cikinsu yana iya hana ka, ko da ɗayar tana Maraɗi kana zuwa wurinta duk hutu. Ka ce "eh", a iya ƙin ka. Ka ce "a'a", ka yi ƙaryar da za a iya ƙwace zama ɗan ƙasar da ita ko bayan shekara ashirin. Wanda ya zo ziyara kawai, ko asibiti ko kasuwanci, hanin bai hau kansa haka ba, dokar masu zuwa zama take nufi.

'Ya'yan amarya kada ka damu sosai, suna da hanya. Uba yana iya nema wa ɗansa ko da ba a ƙirga auren uwar ba, in ya nuna cewa ɗansa ne kuma yana riƙe da shi, sau da yawa sai an yi gwajin jini. Ya fi sauri kafin yaro ya kai 21 kuma bai yi aure ba. Yaron da ya zama ɗan ƙasa kuma, in ya kai 21, yana iya nema wa mahaifiyarsa. Amma in za ta zo ta tare a gidanka ne, tsohuwar maganar ta dawo sabuwa.

Sai waɗanda suke nan suke ƙara aure a masallaci ba takarda. Ana yi, kowa ya sani, kuma ba safai hukuma ke bin gida-gida tana nema ba. Abin da ba a faɗa wa yarinyar shi ne abin da na gani da idona. Wani bawan Allah da muke salla tare ya rasu farat ɗaya, bai bar wasiyya a rubuce ba. A dokar New York, matar takarda tana ɗaukar dala 50,000 ta farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran. Amaryar da ta yi shekara bakwai tana dafa masa tuwo ko tumunin takaba ba ta da shi a kotu. Ba ta cikin inshorar lafiyarsa, kuɗin da gwamnati ke biyan matar mamaci ba nata ba ne, sunanta ba ya kan takardar haya. Sai da jama'ar masallaci suka yi karo-karo. Ba ina jayayya da halaccin abin ba, na san ayar kamar yadda ka santa. Ina tambayarka ne, adalcin da aka gindaya, ta yaya za ka yi shi a ƙasar da ɗaya tana da komai a rubuce, ɗayar ba ta da ko suna? In ka riga ka shiga, to gobe-goben nan ka je ka rubuta wasiyya wurin lauya, ka sa sunanta a kan haya da asusun banki. Ke kuma 'yar'uwa, kafin waliyyinki ya karɓi sadaki, a tambaye shi ko akwai takardar aure da wata. Kuma ku sani, "na sake ki" ba ya warware auren takarda a nan, sai kotu.

An ce ba a dukan yaro?

Doka ba ta hana ɗan horo na hankali ba, amma bulalar da ta bar shaida a jiki za ta kawo maka baƙi gida. Malamin makaranta da likita wajibi ne a kansu su kai rahoto in sun gani, ba gulma suke yi ba, aikinsu za su rasa in sun yi shiru. Hukumar kare yara za ta zo, tana kuma iya ɗauke yaron. "A wurinmu haka ake tarbiyya" ba hujja ba ce wurin alƙali. Kwantar da hankalinki, Hajiya, yara suna tashi da ladabi a nan ma. Aikin ne ya fi yawa, don babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabcin da zai tsawata masa a waje. Kuma yaronki ya haddace 911, lambar kiran 'yan sanda da agajin gaggawa, tun kafin ya haddace lambarki.

Kowa yana yawo da bindiga?

Ba kowa ba. Gyaran tsarin mulki na biyu, na 1791, ya ba da damar mallaka, amma jiha-jiha ne. A Texas tun 2021 ana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba lasin, a New York sai ka sha wahalar takardu. Kai da ka zo da bizar ziyara, ba ruwanka da ita.

Nawa ake samu a wata?

Nawa ake kashewa za ka tambaya. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009, a birnin New York ya haura 16. Kai da jin haka sai ka ɗauko waya ka buga da farashin naira. Ba ka cire haraji ba, ba ka cire haya ba, wadda ni take cinye kusan rabin abin da nake samu, ba inshorar mota, ba ta lafiya. Ranar da ciwo ya kai ka asibiti ba inshora za ka san inda ka zo. Hoton da kuke gani na wane a gaban babbar mota, bashi ne, wata-wata yake biya.

Kuna layya?

Muna yi, amma ba a ƙofar gida ba, maƙwabci zai kira 'yan sanda kafin ka gama feɗewa. Gona muke tafiya can New Jersey ko Pennsylvania, ko a biya mahauci ya yanka. Da yawa kuma gida suke tura kuɗin ragon.

To ka taimaka ka turo mini takardar gayyata mana.

Takardar gayyata ba ta ba da biza. Ma'aikacin ofishin jakadanci abin da zai mayar da kai gida yake dubawa: aikinka, iyalinka, abin da ka mallaka. Na rubuta wa mutum shida, ɗaya ya samu, shi ma don yana da shago uku a Kantin Kwari ne.