Tarzoma da Aikin 'Yan Sanda a Tarukan Ƙolin Duniya

Taron ƙoli shi ne zaman da shugabannin ƙasashe ko ministocinsu kan yi na kwana biyu ko uku a wani gari, su tattauna ciniki, bashi, tsaro ko sauyin yanayi. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa yau, irin wannan zama na ƙungiyoyin ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki G7, G8 da G20, da na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, da na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, ya zama mahaɗar masu zanga-zanga. Galibinsu kan yi jerin gwano su watse lami lafiya. Amma a wasu garuruwan an yi ƙone-ƙone, an zubar da jini, har an rasa rayuka, kuma shari'o'in da suka biyo baya sun ɗauki shekara goma ko fiye kafin a san wanda ya yi me.

Asalin abin

Tun a watan Satumba na 1988 dubban mutane suka cika titunan Berlin ta Yamma suna adawa da taron shekara na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni. Ƙorafinsu bashin da ya danne ƙasashe matalauta ne, da sharuɗɗan da ake gindaya musu: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a sayar da kamfanonin gwamnati. Wanda ya yi wayo a zamanin Babangida ba ya buƙatar fassara, domin waɗannan sharuɗɗa su ne SAP, kuma ɗaliban Najeriya sun yi tasu tarzomar a kansa a Mayu da Yunin 1989. Bambancin kawai shi ne, na Turai suna iya zuwa har ƙofar zauren da ake yanke shawarar.

Seattle, 1999

Sunan da aka fi kamawa a wannan tarihi shi ne Seattle ta Amurka. A ranar 30 ga Nuwamba, 1999, ministocin ciniki na ƙasashe 135 suka hallara don taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, sai suka tarar da mutum aƙalla 40,000 a kan titi: 'yan ƙwadago, masu kare muhalli, ɗalibai da mabiya coci. Tun da asuba wasu suka zazzauna a mararrabar hanyoyi, suka zura hannayensu cikin bututu suka ɗaure da na juna, yadda ba a iya janye mutum ɗaya sai an yanka bututun. Wakilai suka kasa fita daga otal, aka soke bikin buɗe taro. 'Yan sanda suka saki barkonon tsohuwa da harsashin roba a kan mutanen da ke zaune, can gefe kuma wasu tsiraru masu baƙaƙen kaya suna farfasa gilasan bankuna da manyan kantuna. Magajin gari Paul Schell ya sa dokar hana fita, ya haramta zanga-zanga a tsakiyar birni, aka kama mutum kusan 600.

Taron ya watse ba a cim ma komai ba, amma ba 'yan titi kaɗai suka rusa shi ba. A cikin zauren ma ministocin Afirka sun fusata da yadda manyan ƙasashe ke shiga ƙuryar ɗaki su ƙulla magana, sannan su fito su ce kowa ya sa hannu. Shugaban 'yan sandan birnin, Norm Stamper, ya ajiye aiki, daga baya kuma ya riƙa faɗa da bakinsa cewa harba hayaƙin nan kuskure ne babba.

Genoa, 2001

Shekarar 2001 ce ta fi muni. A Afrilu an kewaye tsakiyar birnin Quebec na Kanada da shinge saboda taron shugabannin nahiyar Amurka. A Yuni 'yan sandan Gothenburg a Suwidin suka harbi mutum uku da harsashi na gaske yayin taron Tarayyar Turai, Allah ya sa babu wanda ya mutu. Sai Genoa ta Italiya, inda G8 ta zauna daga 20 zuwa 22 ga Yuli, Silvio Berlusconi yana mai masaukin baƙi. An datse tsohon gari da ƙarafuna da kwantenoni aka kira shi jan yanki, yawancin shugabannin kuma a cikin jirgin ruwa suka kwana. Shugaba Obasanjo na cikin shugabannin Afirka da aka gayyata, sun je da shirin raya Afirka da daga baya ya zama NEPAD.

Da yammacin 20 ga wata, a dandalin Alimonda, wata motar jandarmomi ƙirar Land Rover ta maƙale, matasa suka yi mata rubdugu da duwatsu da katako. Wani saurayi ɗan shekara 23, Carlo Giuliani, fuskarsa a rufe, ya ɗaga tukunyar kashe gobara ya nufi bayan motar. Jandarman da ke ciki, Mario Placanica, wanda shi ma yaro ne sabon shiga, ya harba bindiga. Harsashi ya sami Giuliani a fuska, motar ta bi ta kansa da baya, ta sake bi da gaba. A 2003 alƙali ya rufe shari'ar da hujjar kare kai, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma a 2011 ba ta ɗora wa Italiya laifin kisan ba.

Abin da ya faru washegari da dare shi ne babu mai iya wanke shi. 'Yan sanda suka fasa ƙofar makarantar Diaz, inda baƙi masu zanga-zanga da 'yan jarida ke kwana a ƙasa, suka hau su da kulki da takalmi, wasu suna cikin bargo, wasu sun ɗaga hannu sama. Mutum 93 aka kama, fiye da 60 sun ji rauni. Da gari ya waye aka nuna wa manema labarai kwalaben fetur biyu, wai a makarantar aka same su. Bincike ya tabbatar 'yan sandan ne suka kawo su da kansu. Waɗanda aka kai barikin Bolzaneto kuma an tsayar da su sa'o'i fuska a bango, ana duka ana zagi. Ɗaya daga cikin jami'an da suka shiga makarantar ya shaida wa kotu a 2007 cewa abin da ya gani ya yi kama da mahauta.

Sai a 2012 kotun ƙoli ta Italiya ta tabbatar da hukunci kan manyan jami'ai, shi ma kan ƙirƙirar shaidar ƙarya, don laifin dukan wa'adin shari'arsa ya riga ya wuce. A Afrilun 2015 Kotun Turai ta yanke cewa abin da aka yi wa Arnaldo Cestaro, dattijo ɗan shekara 62 da aka karya wa hannu da ƙafa da haƙarƙari, azabtarwa ce. Italiya ba ta da dokar da ta ambaci azabtarwa da sunanta sai a 2017.

Gudu daga birane

Bayan Seattle da Genoa, da harin 11 ga Satumba da ya biyo baya, masu shirya taruka suka canza shawara: maimakon a yi ta fama da jama'a, gara a je inda jama'a ba za su iya zuwa ba. Ƙungiyar ciniki ta tafi Doha ta ƙasar Katar a Nuwamban 2001. G8 ta hau duwatsun Kananaskis a Kanada a 2002, ta shiga tsibirin Sea Island na Amurka a 2004, ta koma otal ɗin Gleneagles a karkarar Birtaniya a 2005. A wannan shekarar mutum fiye da 200,000 suka yi tattaki a Edinburgh sanye da fararen kaya suna neman a yafe wa Afirka bashi, ba a fasa ko kofi ba. Wata uku bayan haka masu bin Najeriya bashi na ƙungiyar Paris suka yafe dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12.

'Ya'yan jihar Katsina biyu sun ga wannan tsari ta ciki, kuma abin ya zo da kama mai ban mamaki: dukansu an rantsar da su ranar 29 ga Mayu, dukansu kafin mako biyu suna Jamus a bayan shinge. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya halarci taron G8 na Heiligendamm a Yunin 2007. An zagaye wannan ɗan ƙauyen bakin teku da shingen ƙarfe mai tsawon kilomita 12, wato ya kusa kamo tsohuwar ganuwar Katsina da ake cewa ta kai kilomita 14. Kafin taron, ranar 2 ga wata, an gwabza a garin Rostock, ɗaruruwa suka ji ciwo ta kowane ɓangare. Amma abin da ya fi ba jami'an tsaro wahala ba jifa ba ne. Dubban mutane ne suka rabu layi biyar kamar yatsun hannu, suka bar kwalta suka ratsa gonaki, suka je suka zauna a hanyoyin shiga, har sai da aka riƙa kai 'yan jarida ta jirgin ruwa.

Muhammadu Buhari na Daura kuwa ya je taron G7 na Elmau a Yunin 2015, da jerin buƙatunsa na yaƙi da Boko Haram. Otal ne a tsakiyar tsaunuka, da 'yan sanda fiye da 17,000 a kewaye. Babbar zanga-zangar a Munich aka yi ta, tafiyar kusan kilomita ɗari, shugabannin ko ihunta ba su ji ba.

Su wane ne a kan titi

Kyamara na son wuta, shi ya sa mai kallo daga nesa kan ɗauka duk masu jifa ne. Masu baƙaƙen kayan nan, da Jamusawa suka raɗa wa suna baƙar runduna tun shekarun 1980, ba ƙungiya ba ce mai shugaba da ofis. Dabara ce: kowa ya sa baƙi ya rufe fuska don kada a bambance shi, a yi ɓarna, a tuɓe a ɓace cikin taro. Ba su cika wuce 'yan ɗaruruwa ko dubu kaɗan ba, kuma sauran masu zanga-zangar sun daɗe suna jayayya da su, suna cewa wake ɗaya ke ɓata gari.

Wani lokaci waken ma na hukuma ne. A taron shugabannin Amurka, Kanada da Meziko a Montebello ta Kanada, a Agustan 2007, wani shugaban ƙwadago ya tare wasu mutum uku masu rufaffiyar fuska, ɗaya riƙe da dutse, ya ce su ajiye. Da aka kwantar da su a ƙasa kamar ana kama su, hoto ya nuna tafin takalmansu iri ɗaya ne da na 'yan sandan da ke tsaye a kansu. Rundunar lardin Quebec ta musa, sannan ta amsa cewa jami'anta ne, ko da yake ta ce ba su je tada fitina ba.

Akwai kuma manoma. A taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Cancun ta Meziko, ranar 10 ga Satumba, 2003, Lee Kyung-hae, manomi daga Koriya ta Kudu, ya hau shinge ya daɓa wa kansa wuƙa a ƙirji, ya mutu. A cikin zauren kuwa Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suna kuka da tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta, wanda ke karya farashi a kasuwar duniya. Manomin auduga na Funtuwa ko Malumfashi bai je Cancun ba, amma da kuɗin buhunsa ake wannan rigima.

Ƙawanya da kame

Dabarar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce ƙawanya. 'Yan sanda kan ja layi su zagaye taro, mai laifi da mai wucewa, su tsare su awanni ba ruwa ba banɗaki, sannan su riƙa sakinsu ɗai-ɗai. A taron G20 na Landan, ranar 1 ga Afrilu, 2009, Ian Tomlinson, mai sayar da jarida ɗan shekara 47, yana neman hanyar komawa masaukinsa ne kawai. Ya ba 'yan sanda baya, hannayensa cikin aljihu, sai wani jami'i, Simon Harwood, ya zabga masa kulki a ƙafa ya hankaɗa shi ƙasa. Ya tashi ya yi 'yan taku ya faɗi, bai sake tashi ba. Da farko aka ce bugun zuciya ne. Bayan kwana shida jaridar Guardian ta fitar da bidiyon da wani baƙo Ba'amurke ya ɗauka. Binciken musabbabin mutuwa ya ce kisa ne ba bisa doka ba, kotu ta wanke Harwood a 2012, rundunarsa ta kore shi.

A taron G20 na Toronto, a Yunin 2010, bayan an ƙona motocin 'yan sanda, an kama mutum fiye da 1,100, kame mafi yawa a tarihin Kanada zuwa lokacin, kuma aka saki akasarinsu ba tuhuma. Sai a 2020 aka sasanta da su kan dalar Kanada miliyan 16.5. Hamburg ta Jamus ta gwada dawo da taron G20 tsakiyar birni a Yulin 2017, ta tara 'yan sanda fiye da 20,000, duk da haka aka ƙona motoci, aka wawashe shaguna a unguwar Schanze, har magajin gari Olaf Scholz ya nemi gafarar mutanen birnin.

A Najeriya

Abuja ta karɓi manyan taruka ba tare da irin wannan arangama ba, sai dai hanyar da ake bi ta daban ce. Lokacin taron tattalin arzikin duniya kan Afirka, daga 7 zuwa 9 ga Mayu, 2014, bayan bama-baman Nyanya da sace 'yan matan Chibok, gwamnatin Jonathan ta rufe makarantu da ofisoshin gwamnati na birnin, ta baza jami'an tsaro kimanin 6,000.

Ta fuskar doka, sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin taro cikin lumana. Shari'ar da ta fayyace shi daga Kano ta taso. A Satumban 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP da barkonon tsohuwa, da hujjar ba a samu izini ba, Buhari da abokin takararsa Chuba Okadigbo suna wurin. Okadigbo ya rasu bayan 'yan kwanaki. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, a Disamban 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa ɗan ƙasa ba ya buƙatar takardar izinin 'yan sanda kafin ya yi taro ko jerin gwano.