Daren Yalda a Iran: daga ina ya samo asali?

Wane dare ne Yalda?

Shi ne dare mafi tsawo a shekara, tsakanin ƙarshen watan Azar da ɗaya ga watan Dey a kalandar Iran, wato 20 ko 21 ga Disamba. A Tehran daren kan haura awa 14. Kalmar Yalda ta tsohon harshen Siriyanci ce, ma'anarta haihuwa; ana danganta ta da haihuwar rana, domin daga nan yini ke fara ƙaruwa. Ana kuma ce masa daren Chelle, wato arba'in, saboda shi ke buɗe kwana 40 na tsananin sanyi. A 2022 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na Iran da Afganistan.

Ibada ce ko al'ada?

Ya girmi zuwan Musulunci ƙasar Farisa. Majusawa sun ɗauki duhu a matsayin rundunar Ahriman, tushen sharri a aƙidarsu, sai su hura wuta su kwana ido biyu har gari ya waye. Yau babu wata ibada da aka keɓe masa. Zumunci ne ya rage: 'ya'ya da jikoki su taru a gidan kakanni, a raba dare ana hira, kuma wannan ne ya raya bikin.

Kankana a tsakiyar hunturu?

Ita da rumman dole ne, don jan cikinsu na tuna hudowar alfijir. A da tun ƙarshen zafi ake zaɓar mai kaurin ɓawo, a binne ta cikin ƙaiƙayi ko a rataye ta a raga a ɗaki mai sanyi. Wadda ta bugu ko ta sha laima, ruɓewa take yi kafin lokaci.

Ina ake zama?

Kewaye da korsi: gajeren tebur ne, kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, an lulluɓe shi da babban bargo, kowa ya zura ƙafafunsa ciki. A waje ake hura gawayin sai ya yi jajir, a barbaɗa masa toka, sannan a shigo da shi. Gawayi, musamman wanda bai gama kamawa ba, yana fitar da iskar guba marar wari, kuma tana kisa. Shi ya sa gidaje da yawa suka koma na lantarki.

Me ake yi da diwanin Hafiz?

Hafiz mawaƙin Farisa ne na birnin Shiraz, kuma a wannan dare ana duba da littafin waƙoƙinsa. Mutum ya ƙudurta buƙatarsa a zuci, a karanta wa mawaƙin Fatiha, dattijon gidan ya buɗe littafin duk inda hannu ya faɗa, ya karanta baitocin, a yi ta fassara su ga mai niyyar.