Ba juyawar duniya ce ke rage awannin tafiya a jirgi ba

Mutane da yawa sun ɗauka wai idan jirgi ya tashi sama ƙasa na juyawa a ƙarƙashinsa, shi ya sa tafiya da dawowa ba sa zuwa daidai. To ba haka ba ne fa.

Daga New York zuwa Landan wajen kilomita 5,500 ne, zuwa kamar awa 7, dawowa kuma kusan 8 duk da tazarar ɗaya ce. Duniya gabas take juyawa, da ita ce sanadi ai da mai zuwa Amurka ne zai riga isa tunda garin na tahowa wajensa, amma shi ne ma ke daɗewa. Iskar da jirgin ke ciki tare take juyawa da ƙasa.

Ainihin abin wata iska ce mai ƙarfin gaske can sama inda jirage ke bi, daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, lokacin sanyi har ta kan wuce kilomita 300 a awa, mai zuwa Ingila tana tura shi, mai komawa kuwa sai dai matuƙi ya kauce mata. A Fabrairun 2020 ta ingiza wani jirgin British Airways ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56 kacal.