Motar jan kaya: amsoshi ga masu maimaita tambaya ɗaya

Tun da na fara rubutu kan motoci, babu makon da zai wuce ba tare da wani ya tambaye ni wace mota ce ta fi dacewa da jan ƙaramar tirela, ko tankin ruwa, ko janareto zuwa gona ba. Yawancin masu tambayar sun riga sun zaɓi motar da suke so, tabbaci kawai suke nema daga bakina. Na tattara amsoshin a nan domin in huta.

Shin Corolla tawa za ta iya ja?

Za ta iya jan abu marar nauyi a hanya mai kyau. An ƙera ta ne don zirga-zirgar yau da kullum da tsimin mai, kuma a wannan fanni ba ta da laifi. Jan buhunan masara goma sha biyar ba aikinta ba ne.

Abokina ya ce Hilux ba ta da na biyu. Gaskiya ne?

Masoya motoci sun saba da irin wannan magana, kamar yadda iyayenmu suka riƙa rantsuwa da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Hilux da Land Cruiser suna da abin da aikin ja yake bukata: gangar jiki a kan shasi mai ƙarfi (wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da motar), da nauyi, da ƙaramar giya mai ƙarfi. Wasu sababbin samfuransu an amince su ja har kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkinta. Tsohuwar a-kori-kura da ta sha lodi shekara ashirin, suna kawai ta gada daga wannan adadi.

Fetur ko dizal?

Dizal, idan nauyin da yawa kuma aikin na kullum ne, domin ƙarfinsa yana zuwa tun injin bai yi gudu ba. Idan sau biyu a shekara za ka ja, kada ka sayar da motarka saboda wannan.

To, yaya zan san ainihin nauyin da motata za ta iya ja, tunda na saye ta tokumbo ba tare da littafinta ba?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta dogara da inda motar ta fito. Idan daga Turai aka shigo da ita, ka duba ƙaramin allon ƙarfe ko takardar da aka liƙa a jikin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet. Yawanci za ka ga lambobi huɗu a jere. Na farko shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta, na biyu iyakar nauyin motar da tirela a haɗe, sauran biyun kuma na gatarin gaba da na baya ne, wato ƙarafan da ke riƙe tayoyi. Idan ka cire na farko daga na biyu, za ka sami abin da za ta iya ja tana cike da kaya; misali, idan an rubuta 2,000 da 3,300, to kilo 1,300 ke nan. Motocin da suka zo daga Amurka kuwa, takardar jikin ƙofarsu ta kan nuna nauyin motar da na gatura kawai, don haka dole ka nemo littafin wannan samfurin na wannan shekarar a intanet, ba na wata mai kama da ita ba.

Ko ka samu adadin, ina ba da shawarar kada ka kai shi maƙura. An auna shi ne da sabuwar mota mai sabon birki da lafiyayyen lagireto, ba da wadda ta yi tafiyar kilomita dubu ɗari biyu sannan ta faɗo cikin zafin watan Afrilu a Sakkwato ba. Kuma adadin mai girma na tirela mai birki ne. Wadda ba ta da birki, kamar yawancin waɗanda masu walda ke haɗa mana, ƙa'idar Turai ba ta yarda ta wuce kilo 750 ba, a ƙananan motoci ma adadin bai kai haka ba. A Ingila, ana shawartar sabon shiga kada nauyin abin da yake ja ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar ba tare da kaya ba, kuma a ganina wannan ma'auni ne mai hankali ga hanyoyinmu masu ramuka, ko da yake ba doka ba ne, kuma gogaggen direba mai babbar mota yana iya ɗan haurawa. Sannan ka yi lissafi da gaskiya: lita 1,000 na ruwa kilo 1,000 ne, kafin a ƙara nauyin tankin da na tirelar kanta. Mutane da yawa ruwan kawai suke ƙirgawa. Idan duk wannan ya rikita ka, ka kwantar da hankalinka, ka fara da rabin abin da kake zato, ka lura da allurar zafi da yadda birki ke amsawa, sannan ka ƙara a hankali.

Zan iya ɗaura tirelar a bamba?

A'a. Ƙarfen ja a jikin shasi ake ɗaure shi da ƙusoshi masu ƙarfi, kuma a haɗa da sarƙar kariya da fitilun baya masu aiki. Duk mai walda da ya ce maka bamba za ta riƙe, ka canza mai walda.

Me ya sa tirelata take lilo idan na yi gudu?

Domin ka jibga kayan a bayanta. Ka matso da nauyin gaban taya kaɗan, yadda kusan kashi ɗaya cikin goma zai danna kan maƙalar da ta haɗa ta da motar. Idan lilon ya fara, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari daidai, kada ka danna birki da ƙarfi. Kuma wa ya aike ka gudu da kaya a baya?

Otomatik tana lalacewa idan an ja kaya da ita?

Zafi ne ke kashe ta, ba jan kansa ba. Ka canza man giya a kan lokaci, kuma idan aikin na kullum ne ka sa bakanike ya ƙara mata abin sanyaya man. Manuwal ma kulocinta yana ƙonewa a hannun mai tashi da ƙarfi a kan tudu. A gangara irin ta Hawan Kibo, kowace iri kake tuƙawa, ka sauko da ƙaramar giya, domin birkin da aka taka daga sama har ƙasa zafi yake yi ya daina kamawa.

Motar ƙanena mai otomatik ta mutu a hanya. In ja ta da igiya zuwa gida?

Kada ka yi, sai dai ka matsar da ita gefen titi. Idan injin a kashe yake, famfon man giya ba ya aiki, kuma birki da sitiyari suna yin tauri. Ka kira janwe ya ɗora ta gaba ɗaya, kuɗinsa bai kai na sabuwar giya ba.