Ko doka ta yarda ka ɗaura wa kanka boilar gas a Birtaniya?

Duk wanda ya yi hunturu a Birtaniya ya san darajar farin akwatin nan da ke maƙale a bangon kicin, wanda ake kira boila. Shi ke ƙona iskar gas ya dafa ruwan wanka, ya kuma tura ruwan zafi cikin bututu zuwa ɗakuna don gida ya ɗumama. Ranar da ya mutu cikin Janairu, gida ya zama firji, kuma kuɗin ɗaura sabo ba ƙanƙani ba ne. A nan ne dabara ke faɗo wa mutum: ga boila ana sayarwa a intanet, ga bidiyon yadda ake haɗawa a YouTube, ga kuma wani ɗan uwa da aka sani da hannu mai kyau. Me zai hana a yi ta gida?

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce ƙa'idojin kiyaye haɗarin gas na shekarar 1998, da ke aiki a Ingila da Wales da Sikotilan. Sashe na 3 ya kawo hukunci biyu, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko ya shafi kowa: babu wanda zai taɓa aikin gas sai ƙwararre. Na biyu ya shafi masu sana'a: duk wanda ke aikin gas a matsayin hanyar cin abinci, ko kamfani ne ko mai zaman kansa, dole ya kasance cikin rajistar da hukumar lafiya da tsaron ma'aikata, wato HSE, ta amince da ita. Sunan rajistar Gas Safe, wadda ta gaji tsohuwar rajistar, mai suna CORGI, a watan Afrilun 2009.

To, a nan ne masu gardama ke samun abin kamawa. Suna cewa ai doka ba ta ce sai mai rajista ne zai yi aiki a gidansa na kansa ba, ƙwarewa kawai ta nema. A takarda gaskiyarsu ne. Sai dai tambayar ita ce, da me za ka nuna ƙwarewar, kuma yaushe za a tambaye ka? Babu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ranar da kake ɗaure bututu. Tambayar na zuwa ne bayan an kai wani asibiti, ko bayan bango ya tashi, a lokacin da aikin da kansa ya riga ya ba da shaida a kanka. Ma'aunin da za a ɗora ka a kai shi ne na injiniyan da ya yi horo, ya ci jarrabawa, yake kuma sabunta ta duk shekara 5. Injiniyan kan gwada ko layin gas na yoyo, ya auna ƙarfin gas ɗin da ke shiga, ya lissafa ko kaurin bututun ya isa, sannan ya soka na'ura a mafitar hayaƙi ya karanta abin da boilar ke fitarwa. Wanda bai taɓa riƙe wannan na'urar ba, da wuya alƙali ya kira shi ƙwararre. Hukuncin kuwa na iya kai wa tara marar iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara 2, in kuma an rasa rai, ana iya shiga maganar kisa ta hanyar sakaci.

Shi kuma ɗan uwan nan mai hannu mai kyau, da zarar ka ba shi kuɗin aiki, ya zama mai sana'a a idon doka, kuma in ba shi da rajista ya karya ta, ko da aikin ya yi kyau.

Tsananin nan yana da tarihi. A watan Mayun 1968, gas ya fashe a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan, kusurwar ginin ta rufta daga sama har ƙasa, mutum 4 suka mutu nan take. Bincike ya gano yoyon ya fito ne daga wani noti marar inganci a mahaɗar murhun girki. Bayan shekara biyu aka kafa CORGI, sannan a 1991 rajista ta zama tilas ga masu sana'ar.

Amma fashewa, duk da ita ce ke shiga labarai, ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. Gas ɗin da ke yoyo an zuba masa wari da gangan, hanci zai kama. Iskar kabon monoksaid kuwa, wadda ke fitowa idan gas bai ƙone sosai ba, ba ta da wari, ba ta da launi. Mu da muka sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe suna barci a Najeriya mun san wannan guba, ita ce dai. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da mutum zai ɗauka mura ce ya sha magani ya kwanta, a ɗakin da ke kashe shi. Mahaɗa ɗaya ta bututun hayaƙi da ba ta zauna daidai ba a cikin silin ta isa. Boilar za ta ci gaba da aiki lafiya lau, ruwa na zafi, kowa na yaba maka. In ka ga harshen wuta ya koma rawaya maimakon shuɗi, ko baƙin kunkunniya a jikin akwatin, ko ciwon kai da ke sakin ka da zarar ka fita daga gida, kashe, buɗe tagogi, kira lambar gaggawa ta gas, 0800 111 999.

Sai kuma doka ta biyu, ta gine-gine, wadda ita ce ke rufe ƙofar da ta farko ta bari a buɗe. A Ingila da Wales dole a sanar da ƙaramar hukuma duk sabuwar boilar da aka ɗaura. Injiniya mai rajista yana da ikon tabbatar da aikinsa da kansa, ya sanar cikin kwana 30, a aiko maka da takardar shaida. Kai da ka yi da hannunka ba ka da wannan iko, sai ka bi ta ofishin kula da gine-gine, ka biya, su duba. Kar kuma ka yi tunanin za ka gama aiki ka kira mai rajista ya sa hannu kawai. Aikin da ya yi kaɗai yake da hurumin sanarwa. In ma ya zo ya ga haɗari, zai nemi yanke gas ɗin, kuma doka ta ɗora masa kai rahoton aiki mai haɗari ga HSE.

Rashin takardar nan kan yi shiru na shekaru, sai ranar sayar da gida lauyan mai saye ya tambaya. Kamfanonin boila sukan gindaya sharaɗin mai rajista kafin garanti ya yi aiki, kamfanin inshora ma na iya ƙin biya in gobara ta samo asali daga aikin da ba a yi bisa ƙa'ida ba. Arha ta zama ba ta ado.

Mai ba da haya shi ba ma maganar zaɓi. Duk wata 12 dole mai rajista ya duba kayan gas na gidan, a ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28. Daga Oktoban 2022 a Ingila, dole kuma a sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. In kai ɗan haya ne ba ka taɓa ganin takardar ba, haƙƙinka ne ka nema.

Akwai abin da mai gida zai yi da kansa ba tare da fargaba ba: sakin iskar da ta taru a ƙarafan ɗumama ɗaki, ƙara ruwa idan allurar ma'aunin ta sauka, saita lokaci da zafi, duk abin da littafin mai amfani ya nuna. Murfin boila kuwa a bar shi, domin a yawancin na zamani shi kansa yana cikin abin da ke toshe hayaƙi. Idan injiniya ya iso, nemi katinsa na Gas Safe, ba rashin kunya ba ne, sun saba. Duba hoto da ranar ƙarewa, sannan ka juya bayan katin, domin a can aka jera irin aikin da aka yarda ya yi. Wani injiniyan, murhun girki kaɗai aka tantance shi a kai, babu boila a jerinsa.